Buhari ya rasu: alheri kawai za a faɗa, ko a faɗi duk abin da ya faru?

Kawu: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya turo rubutun nan na lissafa laifukan Baba Buhari ya goge shi. Bawan Allah ya rasu ran Lahadi 13 ga Yuli 2025 a Landan, ran Talata aka rufe shi a gidansa na Daura, iyalansa ko gama karɓar gaisuwa ba su yi ba. Ni abin da na tashi na gani shi ne wanda ya mutu maganarsa ta ƙare, shugaba ne ko ɗan dako, ka faɗi alheri ko ka ja bakinka ka yi shiru.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Kawu, ni na turo. Ka yi haƙuri amma ba zagi a ciki ko ɗaya, na karanta shi da kyau kafin na tura. Ƙanƙara aka ambata, Disambar 2020, aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kwana alhali shi yana Daura a jiha ɗaya, sai sace 'yan mata ɗalibai a Jangebe, sai harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna 28 ga Maris 2022 da wasu suka kai har Oktoba a daji. Wanne ne ƙarya a ciki Kawu?

Kawu: Ban ce ƙarya ba ne 'yata. Na ce lokacinsa ya wuce. Me faɗar za ta ƙara yanzu? Yana inda ba a buƙatar shaidarki ko tawa.

Baban Khalifa: Gaskiya Kawu ya faɗi gaskiya. Kuma mutane akwai saurin mantuwa wlh. Kun manta 2014? Bam a babban masallacin Kano ranar Juma'a ana sallah, bam a Nyanya, ka fito daga gida ba ka san ko za ka dawo ba, shiga masallaci sai an laluba ka, babur sai ka sauka ka tura a gaban shingen soja. Gwoza da Bama da Mubi duk tutar Boko Haram ce a kafe. Wa ya zo aka samu sauƙin wannan? In za a yi lissafi a yi shi duka mana, a saka aikin bututun gas na AKK, a saka gadar Neja ta biyu, a saka N-Power da yaranmu suka ci, a saka bashin manoman shinkafa da ya ƙaddamar a Kebbi a 2015.

Auta: Yaya ai Mubi da Bama da Gwoza an ƙwato su tun kafin a rantsar da shi, Gwoza ma ana gobe zaɓe aka karɓe ta a Maris 2015. Bam ya ragu a birane wannan kam ba musu, amma sai abin ya dawo ƙauyukanmu. Batsari, Safana, Jibiya, Faskari, wa yake kwana da ido biyu rufe?

Baban Khalifa: Auta kai lokacin yaro ne, ba ka san tsoron da aka sha ba.

Auta: Yaya ƙuri'ata ta farko a duniya shi na ba, kati na saya da kuɗin makarantata na ba da gudummawa, muka kasa muka tsare muka raka har dare. Shi ya sa abin yake min ciwo, ba ƙiyayya ba ce.

Yaya Malam: Bismillah. Ku ɗan saurara, don naga kowa yana jan addini ɓangarensa. Hadisin Nana A'isha a Bukhari ya tabbata, Annabi (SAW) ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. To tsinuwa, da murnar mutuwar musulmi, da yanke masa wuta kamar yadda na ga wasu yara suna yi a Facebook da TikTok, wannan haramun ne ba wata kwana-kwana. Amma akwai hadisin Anas, shi ma ingantacce, an wuce da gawa sahabbai suka yabe ta Annabi ya ce ta tabbata, aka wuce da wata suka faɗi sharrinta ya ce ta tabbata, ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Bai ce musu ku yi shiru ba. Don haka Kawu, da girmamawa, cewa da mutuwa shaida ta ƙare bai dace da wannan hadisin ba.

Kawu: To Malam ina ka kai "ku ambaci alherin mamatanku ku kame daga munanan ayyukansu"? Tun muna makarantar allo muke jin sa.

Yaya Malam: Yana nan a Abu Dawud da Tirmizi Kawu, amma malaman hadisi sun raunana shi. Kuma ko an ɗauke shi, aibin mutum na ƙashin kansa daban, abin da ya yi da amanar mutum sama da miliyan 200 daban. Abin da ke tsakaninsa da iyalinsa ko tsakaninsa da Ubangijinsa ba ruwanmu. Rufe boda kuwa da canjin kuɗi hukunci ne da ya shiga tukunyar kowa.

Gwaggo ta Maraɗi: Ina wuninku. Tunda an taɓo boda bari in sa baki. Mu nan mun yi jimami ƙwarai, mutumin Daura ai namu ne, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya aza tubalinsa a 2021 ba za mu manta ba ko da bai ga ƙarshensa ba. Amma rufe iyaka na Agustan 2019 wallahi ya karya mutane, 'yan kasuwa da suka ci bashi suka loda kaya motoci suka tsaya a bakin iyaka har kaya suka lalace, dangi ɗaya rabi nan rabi Jibiya zumunci ya koma sai ta ɓarauniyar hanya, akwai waɗanda har yau jarinsu bai dawo ba. Ina yi mishi addu'a kuma ina faɗin wannan, ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba.

Baban Khalifa: Gwaggo ai don a noma shinkafa a gida aka rufe, kuma an noma, ga injinan casa nan sun cika Kano da Kebbi da Jigawa. Niyyarsa mai kyau ce, na kusa da shi ne suka ci amanarsa.

Maman Ilham: Yaya wannan maganar ta "na kusa da shi" ita ta fi ƙona min rai wlh. Wa ya naɗa su? Shekara 8 fa. Lokacin canjin kuɗi farkon 2023 ina da kuɗi a banki na kai Ilham asibiti da zazzaɓi cikin dare aka ce sai tsaba, tiransifa ba ta tafiya, mai POS ya ce babu, sai da maƙwabciya ta tono tsofaffin kuɗi ta ranta min, kuma gwamnonin jam'iyyarsa da kansu na Kaduna da Zamfara da Kogi suka kai gwamnatinsa Kotun Ƙoli kan maganar, to su ma maƙiyansa ne? Ƙanin mijina kuma kun san gonar gado aka sayar aka fanso shi. Yanzu a ce min in yi shiru don kar ran wani ya ɓaci, nawa ran fa?

Kawu: Allah ya kiyaye gaba, mun san abin da kuka gani. Amma ki tuna da bakinsa ya nemi yafiya, ranar ƙaramar sallah ta 2023 kafin ya sauka ya ce duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Shugabanni nawa suka taɓa yin haka? Ni na yafe duniya da lahira, kuma ina so zuri'armu duka ta yafe.

Yaya Malam: Yafiya alheri ce babba Kawu, Allah yana son masu yafiya, ni ma ita nake kwaɗaitarwa. Sai dai haƙƙi na mai shi ne. Kai za ka yafe naka, ba za ka yafe na matar da aka kashe wa miji a Zabarmari ba, ko na iyalan mutum 347 da aka binne a rami ɗaya bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, wanda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna da kansa ya tabbatar. Kuma ba a tilasta wa mutum ya yafe, ba a kuma kiransa marar imani don ya ce bai shirya ba.

Auta: Kuma Kawu dubi Alhaji Aminu Ɗantata da ya rasu sati biyu kafin shi aka kai shi Madina, ka ji ana irin wannan jayayyar? 'Yar'aduwa tun 2010 har yau in an ambace shi sai ka ji an ce ya rage kuɗin mai daga 70 zuwa 65. Ba wanda ya tsara wa mutane abin da za su faɗa. In muka ce da an mutu shi kenan a rufe littafi, to na kan kujera yanzu me zai ji tsoro? Ga shi har an sa wa jami'ar Maiduguri sunansa, gwamnati tana rubuta nata tarihin, mu kuma a ce mu goge namu.

Baban Khalifa: Ni dai har gobe mai gaskiya ne a wurina, bai saci ko kwabo ba, kuma dubban da suka cika Daura ba kuɗi aka ba su ba. Su ma ai shaidu ne Malam ko?

Yaya Malam: Shaidu ne ƙwarai, ban cire su ba.

Kawu: To naji. Ban canja ra'ayi ba, har yanzu ina ganin an yi gaggawa, da an bari ko kwana 40 su wuce. Abu ɗaya nake roƙo, kar in ga tsinuwa ko hoton izgili a nan, wanda ya saka zan kira uwarsa ko ubansa da kaina.

Maman Ilham: Wannan kam na ɗauka Kawu, ba za ka gani daga gare ni ba. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Rubutun dai zan bar shi, in akwai layi ɗaya da ba daidai ba Yaya Baban Khalifa ya nuna min shi in cire, kuma ya turo nasa lissafin na ayyukan a ajiye su gefe da gefe.

Baban Khalifa: Zan turo bayan isha'i in sha Allah, da na PTF ma, asusun rarar kuɗin mai da ya shugabanta tun zamanin Abacha, don Auta bai san wa ya gyara hanyoyi da asibitocin da ya tashi ya gani ba.

Auta: Turo Yaya ina jira, amma ka haɗo da farashin buhun masara na 2015 da na ranar da ya sauka.