Neman shawara: in canza puli da gale na injin 330Ci zuwa na alminiyom?

Mai 330, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum manya da ƙanana. Ina da BMW 330Ci ƙirar 2003, mai ƙofa biyu, giyar hannu, injin M54 mai silinda shida a jere. Shekara biyu ke nan tana hannuna. Na canza mata salansa, na sa matatar iska mai faɗi, an kuma ɗan taɓa kwamfutar injin, ta ƙara jin magana. Ranar Lahadi nakan fita da ita hanyar Tasawa da sassafe kafin manyan motoci su cika titi, sauran ranaku kuwa cikin gari take, daga gida zuwa shago.

Sati uku ke nan ta fara wani kuka daga gaban injin, siriri kamar na gyare, ya fi yawa da safe, in na kunna kilim kuma sai ya ƙaru. Makanikena ya ce gale ne, ɗan pulin nan da ba ya juya komai, bel kawai ke bi ta kansa. Wata takwas kacal da na sa shi sabo, cikin kwalinsa na saye shi.

Sai na ce tunda za a buɗe wurin, me zai hana in canza duka gaba ɗaya? Wani abokina mai sayo kaya Dubai ya turo mini hoton wani saiti na alminiyom, ja wur: babban pulin karanshaf, na famfon ruwa, na famfon sitiyari, da gale biyu. Mai kayan ya ce babban pulin ya fi na asali ƙanƙanta da kashi 20 cikin ɗari, bai kai rabin nauyinsa ba, injin zai huta ya ƙara ƙarfi. Jikka 150 har Maraɗi. Wallahi raina ya biya, amma ina son motar nan, ba na so in cuce ta da hannuna. Wanda ya san harkar ya taimaka mini: in saya ko in bari?

Mai garaji, hanyar Ɗan Isa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi kyan kai da ka tambaya tun kuɗin suna aljihunka. Duk saitin nan, babban pulin shi ne abin da nake roƙonka ka bari.

Ka tsuguna gaban motar da tocila ka dubi na asalin da kyau. Za ka ga ba ƙarfe ɗaya ba ne. Akwai cibiya a tsakiya, akwai zobe mai nauyi, tsakaninsu kuma baƙar roba. Wannan nauyin da mai kaya yake zagi, shi ne aikinsa. Karanshaf, bilbirken da muke faɗa a garaji, wato sandar ƙarfen da fistin suke turawa tana juyawa, na injin silinda shida dogo ne. Duk sanda wuta ta tashi a silinda ɗaya, sai ta murɗe shi kaɗan, ya sake warwarewa, kamar yadda ake murɗa rigar wanki a sake ta. Ido ba ya gani, amma yana faruwa sau uku a kowane juyi. In kana taka ta har allura ta kai juyi 6,000 a minti, duka 300 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Zoben nan da robar su ke shanye murɗar. Ka cire su ka sa alminiyom ziryan, murɗar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan, sai dai yanzu kan metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, da sarƙa da famfon mai za ta sauka.

Injin nan naka kuma ya fi ƴan'uwansa buƙatar abin, don tafiyar fistin ɗinsa doguwa ce, milimita 89.6. Masu tsere da shi a Turai da Amurka sun daɗe da sanin cewa in aka daɗe ana riƙe shi a sama da juyi 6,000, girgiza kan kwance notin famfon mai. Noti ya kwance, mai ya daina zagayawa, kafin ka ankara da jar fitila injin ya tafi. Shi ya sa su ba rage nauyin wurin suke yi ba, ƙara kuɗi suke su sayi mai shanye girgiza da ya fi na asali, irin na kamfanin ATI. Kai kuma ana so a sayar maka da wanda ba ya shanye komai.

Me za ka samu? Motarka doki 231 ta fito da shi daga kamfani. Masu irin wannan kaya da bakinsu, alkawarinsu bai cika wuce doki 5 zuwa 10 ba. Ba za ka ji shi a kujera ba.

Mai gyaran wutar mota, Sabon Gari

Maigida ya gama magana kan girgiza, bari in ƙara ta ɓangarena. Babban puli shi ke jan kowa. In ya ƙanƙance da kashi 20, altaneta da famfon ruwa da duk abin da ke kan bel ɗin sun rage gudu da kashi 20. Ga misali don lissafi: a ce babba milimita 150 ne, na altaneta 50, injin yana silo a juyi 700. Altaneta tana yin 2,100. Ka mayar da babban 120, ta dawo 1,680. A can ƙasa wutar da take bayarwa kaɗan ce.

To ka tuna da kanka a bakin babbar kasuwa bayan magariba, kabu-kabu da adaidaita sun toshe hanya, fitilu a kunne, kilim a kunne, fankar lagireto mai wuta tana ta aiki. Altaneta ta gaza, batir ke cika gibin, kullum kullum, har ya gaji. Ko ma ba ka sayi komai ba, ka zo a ɗora mita: a silo da kaya a kunne ya kamata mu ga wajen volt 13.8 zuwa 14.4.

Ɗan Zariya mai Civic

Yaya, ni fa ban yarda a tsoratar da kai gaba ɗaya ba. Na sa puli mara nauyi a Civic ɗina shekara ɗaya da rabi, allura tana tashi da sauri, ba abin da ya same ta. Kuma kyau ma wani abu ne, in ka buɗe bonet ka ga abu yana ƙyalli rai yana jin daɗi.

Mai garaji, hanyar Ɗan Isa

Allah ya ƙara tsarewa, ɗana. Taka silinda huɗu ce, karanshaf ɗinta gajere, ya fi haƙuri. Duk da haka ɓarnar murɗa ba rana ɗaya take nunawa ba, a hankali take cin metal. Ranar da za ka juye mai, ka tara shi a faranti mai tsabta ka kai rana, ka duba ko akwai ƙyalli-ƙyalli kamar garin zinariya.

Amma kana da gaskiya a wuri ɗaya: ba duka saitin ne abin gudu ba. Akwai masu ƙera kayan wannan injin da ba sa taɓa babban puli sam, sai su ƙara girman na famfon sitiyari da na famfon ruwa, su ma ai rage gudu ne. Na sitiyarin ban da matsala da shi, iyaka sitiyari ya ɗan yi nauyi wajen fakin. Na famfon ruwa, na asalin roba ne mai tauri, tsufa da zafi suna sa shi tsagewa wajen ramukan kusoshi, don haka na alminiyom ya fi. Sai dai a sayi mai girma daidai da na asali.

Baba direba, Tibiri

Salamu alaikum ɗiyana. Shekara talatin da ɗoriya ina bisa hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kilomita ɗari biyu da talatin da wani abu, na san abin da rana ka yi ma mota. Waɗanda sunka ƙera kayan ga don hilin tsere sunka yi su, inda injin ba shi sauka ƙasa, hamfon ruwa na gudu har ya wuce kima. Mu nan watan Afrilu da Mayu zahi na wuce 40, kwalta na tururi. Wa za shi rage ma hamfon ruwa gudu cikin wanga hali?

Wata shekara gale ya kama mini tsakanin Cadawa da Agye. Ban ji komi ba sai ƙauri, sannan bel ya tsinke ya hita. Bel guda ne ka jan ruwa da caji, kahin in samu wurin tsayawa allurar zahi ta kai ja. Gaskit ya tahi, kai ya lanƙwashe. Abin jikka kaɗan ya ja mini aikin wata guda mota na kwance. Tun rannan ban tahiya ba bel da gale cikin but. Ɗana, ka riƙe wanga.

Mai kayan gyara, ina shiga Kano duk wata

Alhaji, ni abin da ya tsaya mini shi ne galen da ya mutu a wata takwas. In ba a gano dalili ba, na alminiyom ɗin ma haka zai mutu, don jikin gale ba ya lalacewa da wuri, boris ɗin cikinsa, zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da yake juyawa a kai, shi ne ke tafiya. Jan fenti ba ya ƙara wa boris kwana. Kuma alminiyom mai laushi, in ƙurar hunturu ta shiga tsakaninsa da bel, cinye shi take kamar an goga masa yashi.

Ina bin Ɗan Isa, Jibiya, Katsina har Ƙofar Ruwa, kuma gaskiya tsakani da Allah kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. Sunayen da ake nema a gale da tander, wato abin da ke ɗame bel, su ne INA, SKF, Gates, Dayco. A boris zalla akwai NSK, NTN, Koyo. Ka duba rubutun da ke jikin ƙarfen, na gaske a fili yake, tsaf, ba ya gogewa da yatsa. Yawancin gale boris mai lamba 6203 ke ciki, rami milimita 17, faɗi 40, kauri 12, amma ka karanta na jikin naka. Ka nemi mai murfin roba gefe biyu, wanda ake rubuta wa 2RS. Mai murfin ƙarfe ba ya tare ƙurarmu.

Abu biyu kuma. Tander na wannan motar iri biyu ne, akwai mai sifirin, akwai mai ɗan shokoba na mai, pulinsu ba ɗaya ba ne, don haka ka ɗauki hoton naka kafin ka aika. Sannan bel: lambar da ke bayansa, kamar 6PK1538, tana nufin layi shida, tsawo milimita 1,538. Ka canza girman puli ko ɗaya, tsawon ya canza, kuma ranar da ya tsinke maka a Gidan Rumji ba za ka samu wannan tsawon na daban a shago ba.

Mai 330, Ali Ɗan Sofo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babban puli kam na haƙura. Maigida, yaya zan tabbatar gale ne ke kukan? Kuma na asalin nawa shekararsa sama da ashirin, ta yaya zan san robarsa tana da rai?

Mai garaji, hanyar Ɗan Isa

Ka ce kukan yana ƙaruwa da kilim. Injin nan bel biyu gare shi, kilim da nasa bel da nasa tander a ƙasa, kada makanikenka ya manta da shi.

Da safe injin yana silo, ka fesa ruwa kaɗan a cikin bel, ka janye hannu da hannun riga nesa. Kuka ya ɗauke na ɗan lokaci, to wani puli ya kauce daga layi. Ya ƙaru, bel ya yi sako-sako, tander ya gaji. Bai canza ba, boris ne. Daga nan a kashe, a cire bel biyun, a juya kowane puli da yatsa. Mai lafiya yana juyawa shiru ya tsaya da wuri, don giris yana riƙe shi. Wanda ya yi ta gudu yana shuuu, ya bushe. A girgiza shi gefe da gefe, kada a ji wasa. A ɗora rula ta ƙarfe a fuskar puli biyu a ga ko sun daidaita. Ka duba kuma ko ɗan murfin roba da ke rufe kusar gale yana nan. Yara kan yar da shi wajen ɗauri, masu wankin mota kuma su zo su saita injin feshi kai tsaye a wurin.

Na babban puli, ka ja layi da alli daga cibiya ya tsallaka roba zuwa zobe. Ka yi yawonka kwana biyu. Layi ya rabu biyu, roba ta saki. Haka in ka ga ta tsattsage ko ta kumburo waje, ko pulin yana rawa a silo. In ta kama a canza, a sa irin na asali, kuma kusar tsakiya ana ɗaure ta da sifana mai awo har 410 Nm, da sabuwar kusa. Ba aikin dogon bututu da tsalle ba ne.

Mai 330, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya Asabar muka cire bel biyun. Galen sama babu murfinsa, da muka ɓalle robar boris ɗin, giris ya zama jar laka, yana ƙaras-ƙaras a yatsa. Na tander ɗin kilim kuwa ya bushe ƙayau, shi ke ƙara kukan. Layin alli kwana uku bai motsa ba, alhamdu lillahi, robar tana nan lafiya. Mita ta nuna 14.1 da fitilu da kilim a kunne.

Na ce wa abokina ya bar saitin. Na ba mai kaya saƙon gale, tander biyu, bel biyu, da pulin famfon ruwa na alminiyom mai girman na asali, zai taho da su daga Kano ranar Alhamis. Baba, tsohon babban bel ɗin bai mutu ba, na naɗe shi na sa a but. Maigida, in kayan sun iso zan kawo ta garejinka a ɗaura a gabanka.