Hoton marigayi da fentin mai: wane salo zan kama?

Mai Allon Shago, Wunti:
Assalamu alaikum. Shekarata tara ina rubutun allon shaguna da zanen bayan manyan motoci a nan Bauchi. Wani Alhaji ya kawo min tsohon hoton mahaifinsa, baƙi-da-fari, yana so in zana shi da fentin mai "irin na Turawan da". Na amsa don kada aikin ya kuɓuce. Da na leƙa intanet sai na tarar su ma Turawan ba hanya ɗaya suka bi ba. Wacce zan kama?

Malamin Zane, Gombe:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, abin da Alhaji yake nufi, ko da bai san sunansa ba, salon Rembrandt ne, mutumin Holan na ƙarni na 17, wanda Caravaggio na Italiya ya riga shi: baya duhu, haske ya faɗo a gefe guda na fuska. Farin rawani da furfura a cikin wannan duhun, ai ka gama da shi.

Kafin su akwai Jan van Eyck, mai zanen hoton ɗan kasuwa Arnolfini da matarsa na 1434. Shi shafi siriri yake ɗorawa kan shafi, kowanne sai ya bushe, har ka ga zaren tufa. In ka bi shi, aikin wuyan babbar riga kaɗai zai cinye maka wata guda.

Su Monet, da suka baje kolinsu na farko a Paris a 1874, haske suke farauta da gajerun shafe-shafe, a waje, tunda an ƙirƙiro fentin bututu a 1841. Ina son su, amma Alhaji zai ce ba ka gama ba. Picasso kuwa, hanci gabas ido yamma, sai ka mayar da kuɗin mutane.

'Yar Yelwa:
Malam, ka tsallake gida! A 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka ce a haɗa dabarar Turawa da zanen gargajiyarmu. Mai Allon Shago ya nemi shuɗin da ke zanen Grillo ya gani. Kuma yanzu hunturu ne, fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba. Nawa na bari kusa da taga, da safe fuskar ta zama kamar an barbaɗa mata kuka.

Mai Allon Shago:
Na gode ƙwarai. Fentin gwangwanin da nake allo da shi zai yi?

Malamin Zane:
Ina! Nemi na bututu. Shafin farko ka tsinka shi da tafintain (ruwan tsinka fenti), man fentin kuma ka riƙa ƙara shi a shafe-shafen sama, in ba haka ba zai tsattsage. Kuma ka faɗa wa Alhaji ba aikin sati ɗaya ba ne.