Wanda ba shi da injin fizo ya bar aikin ɗaga kogon sainos?

Sabuwar Likita: Ni dai na tsaya a kan magana ɗaya: duk wanda zai buɗe taga a ƙashin muƙamuƙin sama don ƙara ƙashi kafin dashen haƙori, in ba shi da injin fizo, wato injin da ke yanka ƙashi da girgiza mai sauri, ya haƙura. Ta tagar ake ɗaga tantanin da ya lulluɓe cikin sainos, kogon iska da ke saman haƙoran baya, a zuba ƙashi a ƙarƙashinsa, kuma yagewar tantanin ita ce matsalar da aka fi samu. A rahoton Wallace da abokansa na 2007, cikin aiki 100 da fizo, 7 kacal suka yage, alhali da injin huda na gargajiya ana maganar kusan kashi 30.

Tsohon Hannu: Ƙanwata, a hankali. Likita Tatum ya fara aikin nan tun shekarun 1970, likitoci Boyne da James suka wallafa nasu a 1980. Da wane fizo? Kuma ki koma rahoton, yagewar nan ba wurin yanka ƙashi ta faru ba, wurin ɗaga tantanin da hannu ne.

Sabuwar Likita: Ranka ya daɗe, ai hujjata ka ƙarfafa. Injin ya gama nasa lafiya ke nan.

Mai Hoto: Ku duka kun tsallake abin da ke gaba. In ba a ɗauki hoton CBCT ba, wato hoton X-ray mai nuna ƙashi ta kowace fuska, yaya za ka san akwai katangar ƙashi da ta raba kogon? A nan tantani ya fi yagewa. Ga jijiyar jini da ke bin bangon gefe, ka yanke ta jini ya rufe maka ido. In ƙashin da ya rage ya kai milimita 5 ko fiye, sau da yawa tagar ma ba dole ba ce, hanyar likita Summers ta 1994, wato ɗaga tantanin ta ramin dashen, ta wadatar.

Tsohon Hannu: Wannan kam gaskiya. Ƙaramar yagewa a rufe da tantanin kolajin, wani faci da jiki ke shanyewa, a ci gaba. In ta yi faɗi, a ɗinke a ɗage aikin, ba abin kunya ba ne.

Likitan Hanci: Mu ake turo wa in ta ɓaci. Mai ciwon sainos ko mura mai nauyi, ku bari mu duba tukuna. Mai shan sigari ku gaya masa gaskiya. Bayan aiki ban da fyace hanci, atishawa kuma baki buɗe.

Sabuwar Likita: To na sauko kaɗan, hoto ne dole. Amma ɗan koyo, Dakta, ni ba zan miƙa masa injin huda a kan siririn ƙashi ba.