Neman shawara: fikafikan jirgin da zan ɗora a kan kek sun ƙi tsayawa

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ku agaza min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai. Autanmu ne ya kammala karatu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya, za mu yi masa 'yar walima a gida ranar Asabar ta sama, yau saura kwana tara. Ni na ɗauki nauyin kek, kuma na ƙudurta sai na ɗora masa jirgin da na yi da hannuna. Tun yana firamare yake cire tsakiyar littattafanmu yana naɗa jirgi yana cillawa daga kan katanga, Umma na faɗa yana ƙarawa. Shi ya sa ba na son na roba na kasuwa.

Shekaranjiya na gwada. Na mulmula farin fondan, wato kwaɓin sukarin nan da ake lulluɓe kek da shi, na yi gangar jikin kamar tsawon tafin hannuna, na yanka fikafikai na manna da ruwa, na sa a firij ya kwana don ya yi ƙarfi. Da safe ina fito da shi, ko minti goma bai yi ba ya fara zufa, shuɗin layin da na ja a gefe ya zirara cikin farin, fikafikan suka langaɓe kamar kunnen tunkiya. A Kaduna nake, kusan kullum sai an yi ruwa. Ina na kuskure?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya albarka a karatun yaro, ya tsare shi sama da ƙasa. Firij ɗin nan shi ya cuce ki. Sukari yana jan danshi, kuma duk abin da ya fito daga sanyi ya shiga iskar damina sai raɓa ta sauka a kansa, kamar yadda kike gani a jikin gorar ruwan sanyi. Iska ce ke busar da fondan, ba sanyi ba.

Na biyu, zallar fondan ba ya ɗaukar fiffike. Ki je wajen masu kayan kek ki ce a ba ki CMC, farin gari ne da ke sa fondan ya yi ƙarfi. Ƙaramin cokali ɗaya a cikin fondan giram 250, ki shafa ɗan mai a hannu ki murza har ya bi jiki, ki ƙulle a leda ya huta awa ɗaya ko biyu. Ki fara zana fiffiken a takarda ki yanke, da shi za ki fitar da na dama da na hagu su zo daidai. Kada ki murza shi ya yi falan-falan, ki bar masa kaurin da zai ɓoye tsinken sakace. Tun yana da laushi ki tura rabin tsinken ta gindin fiffiken, rabi ya rage a waje. A gangar jikin ma ki huda gurbin da tsinken zai shiga tun ba ta bushe ba, in ta bushe kika ce za ki huda, tsagewa za ta yi.

Kowane yanki shi kaɗai zai bushe: fikafikai, wutsiya, gangar jiki. Ki barbaɗa konfulawa a kan kwali ki jera su, a ɗakin da ba girki ba shanya, ƙarƙashin fanka in akwai wuta, kina juya su kowace safiya. Da hunturu ne kwana ɗaya ya isa, har ma tsagewa ake tsoro. A wannan watan ki ba su kwana huɗu zuwa biyar. Kuma ki yanka fikafikai huɗu maimakon biyu, ni ban taɓa yin irin wannan aikin ba tare da ɗaya ya karye min ba.

Ummu Khalil:
Ƙari a kan maganar Hajiya, ruwa zalla ba ya riƙe irin wannan. Ki ɗebi CMC ɗin kwatan ƙaramin cokali ki zuba a ruwan ɗumi babban cokali biyu, ki rufe ya kwana, gobe za ki ga ya zama gam mai yauƙi. Kaɗan ake shafawa da ɗan buroshi. Bayan kin haɗa, ki tokare ƙasan kowane fiffike da naɗaɗɗen tishu har gari ya waye. Kala kuma ki nemi mai kauri ta cikin 'yar kwalba, ta ruwa ita ce ke zirara.

Anti Mai Kek:
Ni fa gaskiya a damina na daina wahalar da kaina. Kati mai kauri nake yankawa gida biyu, na sa tsinken tsire a tsakiya na manne, shi ke nan, ba ruwansa da zufa, kuma mai shi ya ajiye abinsa. Ko da za ki yi na sukari, ki yi na katin ki ajiye a gefe, ba a san abin da ranar za ta zo da shi ba.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, zan yi na katin in ajiye, amma raina na kan na sukarin. Hajiya, wanda na yi ya yi nauyi sosai a hannu, ba zai nutse a cikin kek ɗin ba? Da kirim ɗin bota zan shafe shi.

Hajiya Babba:
Zai nutse kuwa in kika ajiye shi haka kawai. Ki rage girman, tsawon yatsanki na tsakiya da rabi ya wadatar. Ko kuma ki dunƙula takardar foyil ki matse ta sosai ki lulluɓe da fondan, ba nauyi kuma yana saurin bushewa, sai dai lallai ki gaya wa yara ba na ci ba ne, akwai tsinke a ciki. Ki soka tsinken tsire ta cikin jirgin tun da laushi, a ɗan karkace yadda hancin zai kalli sama kamar yanzu ya bar ƙasa. A kek ɗin kuma ki fara tura tsinken shan lemo na roba har ƙasa, sannan ki zura tsinken tsiren da ke riƙe da jirgin a cikinsa. Kek ya zauna a firij abinsa, jirgi na cikin kwali, ba leda ba, ba roba mai murfi ba. Sai baƙi sun kusa zuwa za ki ɗora.

Maman 'Yan Biyu:
Maman Hanan, abu ɗaya ya zo min a rai. Na zauna a Zariya shekaru, jiragen da ɗaliban nan ke shawagi da su a kanmu ƙanana ne masu farfela a hanci, ba irin manyan da ke jigilar alhazai ba. In kika yi masa irin wanda ya fara tashi da shi, yana gani zai gane, kuma ya fi sauƙi, ba sai kin rataya injina a ƙarƙashin fiffike ba. Ki nemi hoto a wayarsa ba tare da ya san dalili ba, ki kwaikwayi kalar. In lambar da ke jikin jirgin ta fito a hoton, ki rubuta ta da alƙalamin kek bayan ya bushe sarai.

Maman Hanan:
Wallahi wannan bai zo min ba sam! Akwai hoton da ya turo mana ranar da ya fara tashi shi kaɗai, yana tsaye jikin fiffiken yana dariya, har yanzu yana wayar Umma. Yanzu zan aika a sayo CMC, yau da daddare zan yanka fikafikan, guda huɗu kamar yadda Hajiya ta ce. In Allah ya kai mu Laraba zan turo muku ku gani kafin na haɗa.