Wace kalma za mu sa a katin gayyata: Magaji ko Halifa?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, sarkin maƙeran unguwarmu, yana raye amma ƙarfinsa ya ƙare, kuma ya ce yayana ya riƙe masa sarautar. Mai buga kati yana jiranmu zuwa Alhamis. Baffanmu ya ce a rubuta "Magaji", mahaifiyarmu kuwa ta ce wannan kira wa mai rai mutuwa ne. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu shawara.

Malam na Limanci: Allah ya jiƙan mahaifinku. Ku sa "Halifa", domin asalinta Larabci ne, ma'anarta wanda ya zo a bayan wani.

Ɗan Mokoyo: Malam, da ransa, yanzu ma na baro shi yana shan fura.

Gwaggon Yara: Ɗana, kada ku kuskura ku buga "Magaji". Mu mun yi haka ga ƙanen mijina lokacin da surukina ke kwance, da nufin ya gaji shago kawai. Bayan rasuwa sai ya ɗauki katin nan zuwa gaban masu rabon gado, yana cewa shi kaɗai tsoho ya kira magaji, alhali magada goma sha ɗaya ne. Shekara uku ba mu shiga gidan juna ba, gonar bakin gulbi kuma har yau babu mai noma ta. Jika goma muka biya kati ɗari, muka sayo wa kanmu gaba.

Mai Tebur: Gwaggo, an cuce ki, kati ɗari bai wuce jika huɗu ba a bayan babbar kasuwa.

Bakatsine: Jika bakwai na biya bara. Amma ku duba tsarin fada: a sarautar Katsinar Maraɗi, Ɗan Galadima ake kallo a matsayin mai jiran gado, duk da haka sai Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi sun zaɓa. Ba a kiran kowa magajin sarki tun sarki na numfashi. "Wakili" ya dace da yayanka.

Malam na Limanci: Wannan zancen fada ne, maƙera kuwa a tambayi malamai.

Bakatsine: Allah gafarta Malam, wanda ya yi wa mai rai ta'aziyya ya dakata tukuna.

Mai Tebur: Magajin gari fa, wato shugaban hukumar birni, wa ya gada? A da ƙuri'a ce ke kawo shi.

Gwaggon Yara: Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda aka ɓata "Magajiya". Sarauta ce ta mata mai daraja tun Daura, sunan kakata ke nan, amma jikata da aka sa wa sunan ta dawo daga lakwal tana kuka saboda ana danganta sunan da shugabar mata masu zaman kansu.

Bakatsine: Haka aka yi wa ƙanwata, har ta koma amsa Hajiya tun ba ta je Makka ba.

Ɗan Mokoyo: To, jibi ne fa Alhamis ɗin.