Za ta rubuta dalilin son makarantar kwana, ta ina za mu fara?

Uwar 'yan biyu, Jega:
Assalamu alaikum. 'Yata tana gama aji shida bana. Wata makarantar kwana ta kuɗi a Birnin Kebbi ta ce ta kawo shafi ɗaya da Turanci a kan dalilin da ya sa take son shiga. Yayanta ya ce zai rubuta mata, amma hankalina bai kwanta ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Malamin firamare, Argungu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada yayan ya taɓa. Malami yana gane hannun babba tun layin farko, kuma in suka zaunar da ita ranar ganawa suka ce ta sake, me za ta yi? Ki sa ta fara ba ki labarin da Hausa tukuna. In tana son aikin jinya ne saboda ita ke kai wa kakarta magani da ruwa kullum bayan isha'i, to wannan za ta rubuta. Da fensir, a takardar gwaji, ku gyara mata rubutun kalmomi kawai, sannan ta kwafe da biro.

Ma'aikaciyar jinya, Yawuri:
Ta ƙara layi biyu kan zaman kwana, cewa tana wanke kayanta da kanta, tana tashi asuba. Ke kuma Hajiya, tun da aka sace ɗalibai a makarantar kwana ta gwamnatin tarayya (FGC) da ke Birnin Yawuri a 2021, ki je da ƙafarki ki ga katanga da masu gadi kafin ki biya ko kobo.

Uwar 'yan biyu, Jega:
Na gode, Allah Ya saka. Yau da dare zan zaunar da ita.