Kuroshe, faciwok da kwiltin: da wane suna za mu kira su a Hausa?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar allura da zare, da ku malamanmu masana harshe. Ina koyar da ɗinki da saƙa a wata cibiyar koyon sana'a ta mata a nan Yamai, kuma tun watan jiya nake fama da rubuta wa ɗalibaina ƴar takardar darasi da Hausa, domin mafi yawansu sun fi sakewa da ita a kan Faransanci. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, na ga babu dalilin da zai sa mu ci gaba da koyar da aikin hannu da rabin Hausa rabin Faransanci. Kalmomi uku ne suka tsayar mini da alƙalami: kuroshe, da faciwok, da abin da masu Ingilishi suke kira kwiltin. Na tambaya a nan makonni biyu da suka wuce, an ba ni shawarwari da dama, ga kuma inda na tsaya da dalilaina.

Bari in fara da kuroshe, tunda ita ce ta fi yawo a bakin mutane. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta ƙaramar ƙugiya, kuma da ita ake kiran kayan aikin da sana'ar baki ɗaya. A Turai wannan saƙa ba ta tsufa kamar yadda ake zato ba, domin a shekarun 1820 ne aka fara buga tsarin yin ta a wata mujallar mata ta ƙasar Holan, sannan ta bazu ƙwarai a Ayalan lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, inda mata suka riƙa saƙa leshi suna sayarwa don ciyar da gida.

Wani malami ya ce in rubuta saƙa kawai in huta, tunda kowa ya san ta. Da girmamawa, Malam, saƙa ta yi faɗi da yawa. Masaƙin da ke zaune a gaban masaƙarsa yana jefa ƙoshiya saƙa yake yi, mai tabarma saƙa take yi, mai faifai da mai malafa haka, har gizo-gizo ma da saƙa aka san shi. A cikin aji kuwa dole in raba abu biyu da ɗalibai suke yawan haɗawa: saƙar da ake yi da tsinke biyu, wadda da yawa suke kira saƙar kibiya, da wadda ake yi da ƙugiya ɗaya.

Bambancinsu ba na suna ba ne kurum, kuma a kan hanya na fi ganin sa. Daga Yamai zuwa Tawa tafiyar kusan kilomita 550 ce, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni, kuma duk lokacin da zan je gida nakan sa ƙugiyata mai milimita 3 da curin zare biyu a cikin jakar hannu. Mai saƙar kibiya tana riƙe da idanun zare talatin ko hamsin a jere a kan tsinke, idan mota ta faɗa rami tsinken ya zame, sai layin gaba ɗaya ya zube, ta koma tana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙugiya kuwa ido ɗaya tak ne yake buɗe a hannunta, ko ya kuɓuce sai ta sake zura ƙarfen ta ci gaba. Shi ya sa a mota ba na taɓa kibiya.

A tafiyata ta ƙarshe, bayan mun bar Dogon Dutsi, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta ce, "Ɗiyata, mi kika saƙawa haka?" Na ce, "Hular jariri ce, Inna." Ta karɓa ta juya ta, ta ja bakin hular da yatsu biyu don ta ga ko zai matse kan yaro, ta ce jikarta da ke aure a Sakkwato ma ta iya kwarashi. Ban ce mata kuroshe ba, ita ma ba ta ce mini ba, kwarashi ta ce, kuma ta faɗe ta kamar yadda za ta ce kwarya ko kwando.

Wannan ne ya yanke mini hukunci. Wata ƴar uwa ta ba da shawarar saƙar ƙugiya, kuma fassara ce daidai wa daida, sai dai ban taɓa jin wata mai sana'a ta faɗe ta a kasuwa ba, kuma idan aka ce ƙugiya hankalin mutum yakan tafi ga masunta ko ga abin ciro guga daga rijiya. Kwarashi kuwa asalinta ɗaya da kuroshe, ta shigo ne ta bakin ƴan uwanmu na Najeriya, Hausa ta tauna ta har ta yi laushi, ta ba ta kamannin ƴar gida. Wasu sun ce ai kalmar tsallaken iyaka ce, mu a Nijar kuroshe muke cewa. Gaskiya ne, amma takardar da nake rubutawa ina so a karanta ta a Tawa da Maraɗi da Damagaram, a kuma karanta ta a Katsina ba tare da an nemi tafinta ba. Don haka na rubuta kwarashi ga ƙarfen, saƙar kwarashi ga sana'ar, na kuma ambaci kuroshe sau ɗaya a shafin farko don kada wata ta rikice. Layin farko da ake fara kowace saƙa da shi na kira shi sarƙa, domin kamanninsa ke nan, haka ma Turawa suke kiran sa, ƙullin da ake ɗaura zare a jikin ƙarfen da shi kuma ƙullin zarge.

Faciwok ba ta ba ni wahala ba. Ɗinke ƙananan ƙyallaye ne gefe da gefe har su zama babban zane, kamar rigunan ƴan Bay Fal na Senegal masu launi barkatai. An ce in sa ɗinkin faci, na ƙi, saboda faci a Hausa rufe ɓaraka ne, aikin wanda rigarsa ta yage ko tayarsa ta fashe, alhali mai wannan sana'a da gangan take yanka sabuwar atamfa ta sake haɗa ta. Ɗinkin tsumma ma ya rage mata daraja. Haɗin ƙyalle na zaɓa, kuma da na faɗa a aji babu wadda ta tambaye ni ma'anarsa.

Kwiltin ce ta cinye mini kwanaki. Da farko ya kamata a san mene ne abin, domin yawancin masu ba ni shawara sun ɗauka shi da haɗin ƙyalle abu guda ne. Kwiltin shi ne a shimfiɗa zane, a baza auduga ko wani abu mai laushi a kansa, a rufe da wani zanen, sannan a bi da allura tana nutsewa tana ɓullowa ta cikin ukun gaba ɗaya, layi bayan layi. Waɗannan layuka su ne suke hana audugar taruwa wuri ɗaya idan an wanke ko an daɗe ana amfani, kuma iskar da ta maƙale a cikin audugar ita ce take riƙe ɗumin jiki. Ana iya yin sa da zane guda fari fat babu haɗi ko ɗaya, kamar yadda aka san matan yankin Marsai na kudancin Faransa da shi, ana kuma iya yin haɗin ƙyalle ba tare da an sa auduga ba, kamar rigunan Senegal da na ambata. Abin da ya sa ake cakuɗa su shi ne, a Amurka an saba haɗa biyun a abin rufa ɗaya. Matan baƙar fata na ƙauyen Giz Bend a jihar Alabama, alal misali, da tsofaffin tufafin aikin gona suka riƙa yin nasu, har aka kai su manyan gidajen baje kolin zane-zane a shekarar 2002. Ita kalmar kanta ta gangaro ne daga wata kalmar Latin mai nufin katifa ko matashi.

Shawarar farko da aka ba ni ita ce ɗinkin bargo. Matsalarta ita ce bargo da gwado da luru duk saƙa su ake yi, ba ɗinka su ba, kuma ana yin wannan ɗinki a jikin jaka da rigar sanyi da abin ɗaukar tukunya mai zafi, waɗanda babu mai kiran su bargo. Ɗinkin katifa ya fi kusa, Faransawa ma daga sunan katifa suka ciro tasu kalmar, amma mai katifa cusa auduga yake yi a cikin buhu ya ɗaure nan da can, ba shimfiɗa ta yake yi siririya yana bi da layi ba. Wani ya ce a bar ta kwiltin kamar yadda aka bar kwamfuta. Kwamfuta ba mu da ita kafin a kawo mana, shi ya sa muka ari sunanta. Tambayar da ta rage ita ce ko wannan ɗinki baƙo ne a ƙasar Hausa.

Amsar ta zo daga baffana da ke Tawa, wanda bai taɓa riƙe allura ba. Ina yi masa bayanin abin ta waya, zane biyu da auduga a tsakani, sai ya katse ni ya ce, "Ke, ai lifidi kike faɗi." Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Lifidi shi ne rigar kariyar da ake sa wa dokin yaƙi da mahayinsa, zane biyu ne da aka cika tsakaninsu da auduga ko audugar rimi, aka bi da ɗinki layi-layi don kada kibiya ta huda. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ke nan fiye da shekara ɗari shida wannan ɗinki yana hannunmu da sunansa. Har yau duk wanda ya ga hawan salla a masarautun Hausa, ko dawakin Zarmakwai, sarkin Doso, a ranar biki, ya ga ƴan lifida, kuma idan ya matsa kusa zai ga rigar dokin an yi mata fuska da ƙyallaye ja da fari da rawaya masu kusurwa uku. Wato haɗin ƙyalle a sama, auduga a ciki, ɗinki ya ratsa duka, daidai abin da muke kallo a bidiyon Amurkawa muna cewa sabon abu ne. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Wata Hajiya da nake girmamawa ta yi mini gardama mai ma'ana. Ta ce lifidi kayan yaƙi ne, na maza da dawaki, yaya za a ce an lulluɓe jariri da lifidi? Ranki ya daɗe, ban ce a kira abin rufar lifidi kai tsaye ba. Salon ɗinkin nake ba suna, ɗinkin lifidi, abin da aka ɗinka kuma ya ɗauki sunansa na asali a ƙara masa wannan: bargon lifidi, jakar lifidi, shimfiɗar lifidi. Haka Hausa take yi tun can. Aska takwas sunan aikin babbar riga ne, kuma babu wanda yake tsoron ta yanke shi. Kibiyar da muke saƙa rigar sanyi da ita ma daga fagen fama sunanta ya fito, ba mu taɓa jin nauyin faɗar ta a gaban jarirai ba.

Da na samu wannan, sauran suka zo da sauƙi. Zanen sama fuska, na ƙasa shafi, kamar yadda teloli suke cewa shafin riga, abin da ke tsakani kuma ciko, ko auduga ce ko audugar rimi ko siririn soson roba da ake samu a Babbar Kasuwa. Ga jimlar farko ta darasin kamar yadda na rubuta ta: "Ki shimfiɗa shafi a kan tabarma, ki baza ciko daidai kauri, ki ɗora fuska, ki kama ukun da manyan ɗinki daga tsakiya zuwa gefe kafin ki fara layin lifidi." Daga tsakiya ake farawa saboda idan aka fara daga gefe zanen yakan tattare a ciki ya yi tudu. Ranar Litinin na ba wata sabuwar ɗaliba wannan jimla ba tare da na yi mata bayani ba. Ta karanta, ta buɗe ledar ƙyallayen da ta roƙo wurin telan unguwarsu, ta durƙusa a kan tabarma ta fara shimfiɗa shafi, sai dai ta tsaya ta tambaye ni ko lifidi sunan wani irin zare ne. Shekarunta goma sha tara, a Yamai aka haife ta, ba ta taɓa ganin hawan salla ba. Na nuna mata hoton dokin a waya, ta yi dariya ta ce ashe dawaki sun riga mu, kuma saboda ita na ƙara hoton a shafin farko na takardar.

Abu ɗaya ya rage mini. Masu ɗinka lifidin dawaki na gaskiya ba za su rasa sunan da suke kiran layukan ɗinkin da shi ba, da sunan babbar allurar da suke ratsa kaurin da ita. Ni layin lifidi na rubuta na wucin gadi. Idan akwai wanda yake da dattijo mai wannan sana'a a Doso ko Ƙwanni ko Damagaram ko Katsina, ina roƙon ya tambayo mini kafin ƙarshen wata, domin a lokacin ne zan kai takardar wurin bugawa, kuma ina so ɗalibai su gama bargunansu kafin hunturu ya sauka.